Kunyar 'Yar Fari

Ban taɓa zama a aji ba, amma akwai wata makarantar 'yan mata a Yola da na san ƙofarta kamar ƙofar ɗakina. Na san bishiyar mangwaron da iyaye ke zama a ƙarƙashinta ranar ziyara, na san inda inuwar ke komawa in rana ta karkata. 'Yata ta fari ce ta yi karatu a can. Ita ce ta ɓace shekarar da aka gudo daga Mubi, kuma har yau ba wanda ya kawo mini labarin gawarta, ba wanda ya kawo mini labarin tana raye. Ban shimfiɗa tabarmar makoki ba. Ban karɓi gaisuwa ba. Duk wanda na ga ya gyara baki zai ce mini "ya haƙuri", sai in riga shi da tambayar lafiyar iyalinsa. Abin da ya rage a hannuna ke nan, ba a ce ta mutu ba a gabana.

Sai na faɗi yadda aka rene mu, don wanda bai sani ba zai ɗauka taurin zuciya ne. A Adarawo aka haife ni, cikin tsohon garin Yola, aure ya kawo ni unguwar Luggere a Jimeta. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, in ya yi ciwo wata ce za ta ɗauke shi, ranar aurensa uwar tana ƙuryar ɗaki. Mahaifiyata ta rayu ta mutu ban ji sunan yayana a bakinta ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, gani na yi na ɗauka, yadda na ɗauki ɗaurin zane. Da na haifi tawa sai abin ya zama biyu, don sunan uwar mijina aka sa mata. Ni dai "yarinyar nan" nake cewa. Ta girma, ta yi nata 'ya'yan, tana yarinyar nan.

Mahaifinta maɗinki ne a kasuwar Jimeta, shi ya dage sai ta yi boko. Da ta ci jarrabawa ya sayo akwatin ƙarfe, ya ɗinka mata yunifom da hannunsa, ya kai ta. Ziyara kuwa aikin mata ne, ga goggonta da ya kamata ta riƙa zuwa tana aure a Ganye. Sai ya ce mini, "Ke za ki je."

Na ce, "In je in ce wurin wa na zo?"

Ya ce, "Ki je ki zauna. Za ta gan ki."

Haka aka yi. Na yi dambun shinkafa da zogale, na soya kifin Binuwai, na daka yaji, na ƙulla ƙuliƙuli da garin rogo, na hau bas daga Jimeta zuwa Yola da kwano a cinya. Na sami gindin mangwaro na zauna. Iyaye suna aika a kira musu wance da wance, ni ban aiki kowa ba. Can sai ga ta, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa nesa da ni kaɗan ta gaishe ni. Na amsa ina kallon kwanon.

To, ba zan zauna ni da ita mu yi shiru har a tashi ba. Na ɗaga kai sai na ga wata doguwar yarinya ta jingina da bango tana kallon masu ci. Na ce, "Ke, ba a zo miki ba?"

Ta ce, "Gidanmu Michika ne, da nisa."

Na ce, "Wanko hannu."

Daga wannan rana kwanona ya zama na mutum huɗu. Akwai doguwar nan ta Michika, Kirista ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Akwai wata gajera 'yar Jambutu, uwarta na zuwa amma sai ta cinye nata ta dawo namu, bakinta ba ya hutawa ko tana tauna. Akwai wata mai sanyin hali 'yar gidan malamai a Adarawo, wadda na san kakanninta. Sai yarinyar nan. Duka ukun Dada suke kirana, yadda ake kiran uwa a wajenmu.

Ta bakinsu na san makarantar. Na san tuwon da suke kira gabza, wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara, da miyar da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Na san langalangar da ake ba su su sare ciyawa har tafin hannu ya yi kanta. Na san siniyoyin da ke sa su ɗebo ruwa, da metiron, matar da ke kula da ɗakunan kwana, mai zagayawa da tsumagiya tana leƙa ƙarƙashin gado, da kunamar da ke kwana cikin takalmi lokacin zafi. Ni kuwa tambayata ba ta wuce uku ba. Ana ba ku abinci? Wa ya yi zazzaɓi a ɗakinku? Wa aka daka? Sai in sa ido a kan doguwar, ita kuma ta ba ni amsa dalla-dalla, ta san abin da nake son ji.

Wata rana ta Jambutu ta ce, "Dada, wadda kike tambaya fa ga ta nan a gefenki. Ba kurma ba ce."

Na ce, "Ci kifinki kada ƙaya ta shaƙe ki."

Suka kwashe da dariya, har da ita. Ba ta taɓa nuna mini abin ya dame ta ba. A gidan ta tashi, ta san ma'anar kifin da nake turawa gefenta ba tare da na duba ba.

A shekararsu ta ƙarshe aka ba ta riƙon ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen mota ne aka rataye a bishiya, ita ke bugawa a tashi, a ci, a shiga aji. Ranar ziyara in lokaci ya cika sai ta miƙe daga gabana, ta wanke hannu, ta je ta buga, iyaye mu tattara kwanukanmu. Ta Jambutu kan ce, "Dada, 'yarki ta kore ki." Sai in ce, "Aikinta take yi."

Kwanci tashi suka gama, kowace ta kama hanyarta. Doguwar ta yi karatun aikin jinya ta tafi kudu. Ta Adarawo ta shiga aikin gwamnati. Ta Jambutu aure ya kai ta wani gari. Yarinyar nan ta zama malamar makaranta, ta yi aure, aiki ya kai su Mubi ita da mijinta. Mahaifinta ya rasu. Ƙannenta suka yi nasu gidajen. Na daina jin labarin sauran ukun, sai dai in na soya kifi su faɗo mini a rai.

Sai shekarar gudu ta zo, da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Ba zan tsawaita ba, duk wanda ke Jimeta lokacin ya gani da idonsa. Mutane suna ƙetaro gada, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa, ƙafar ta kumbura ta tsage. Kowane gida ya cika da baƙi, mu ma a Luggere har zaure an kwana. 'Ya'yan yarinyar nan biyu suka iso a motar wani maƙwabcinsu. Ya ce motar ta cika maƙil, ita ta cusa yaran ta taga, ta ce su tafi, za ta nemi ubansu su biyo baya. Uban an ga gawarsa, wanda ya gani ya zo ya shaida, danginsa suka yi zaman makoki, na je na yi musu gaisuwa. Ita ba wanda ya ganta.

Na bi tashoshi, na bi wuraren da aka tsugunar da mutane, na bi asibiti. Ƙaninta nake ɗauka, shi ke faɗin sunan in an tambaya, ni kuma in ce dogon wuya gare ta, tana da tabon ƙuna a hannun hagu, malamar makaranta ce. Wasu su ce sun ga mai kama da ita ta nufi duwatsu. Wasu su ce ta haye Kamaru. Wasu su sunkuyar da kai. Da aka koma garin ƙaninta ya je, ya tarar da ɗakin a buɗe, tukunya a murhu, ba kowa.

Ana nan, ana nan. Shekara ta bi shekara. Dangi suka fara zuwa suna kewaye-kewaye, a yi sadaka, a raba abin da ta bari, a huta. Na ce wanda ya gani ya zo ya faɗa mini. Suka gaji suka bar ni. Yaran suka girma a hannuna, babbar har ta yi aure ta haihu. Gwiwoyina suka daina ɗaukata zuwa tasha. Ba zan ce kullum ina sa rai ba. Wata rana ina sa rai, wata rana gajiya ce kawai, irin ta wanda ya daɗe a tsaye har ya manta yadda ake zama.

Bara, bayan sallar layya, da la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji mota ta tsaya, na ji sallamar mata a zaure. Uku suka shigo, manya, kowace da jaka da tabarau. Ta gaban ta ce, "Dada, in kin gane mu akwai goro."

Na ce, "Ke tun kina zaure bakinki ya shigo ya zauna."

Ta Jambutu ce. Ta dawo gari tana sayar da atamfa a kasuwa. Ta tafa hannu ta juya ta ce, "To wannan fa? Da doguwa muke ce mata, yanzu faɗin ya kamo tsawon."

Doguwar ta ce, "Dada, ka gan shi ko? Har yanzu bai yi hankali ba. Jika biyu fa gare shi."

Hausar na nan yadda na barta. Furfura ta fito mata a goshi, da za ta durƙusa sai da ta dafa bango. Ta Adarawo ce ta ƙarshe, ta cire takalmi tun daga nesa, ta gaishe ni da Fillanci a hankali. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Na zauna ina kallonsu. Yara ne da na sani da kitson makaranta da kaushi a ƙafa, ga su suna zancen hawan jini da ciwon baya da ritaya. Sai na kama kaina ina lissafa yadda tawa za ta kasance, ko ita ma ta yi furfura, ko ta yi jiki. Na kasa. A idona ba ta wuce yadda na ganta ƙarshe ba.

Suka ce a waya suka tattaro juna, wannan ta nemo waccan, waccan ta nemo wata, har 'yan ajin suka kusa cika. Za su yi taro a tsohuwar makarantarsu, kuma sun yanke ba za a yi ba sai da ni, don cikinsu ba wadda ba ta taɓa lasar yajina ba. Suka ajiye mini turmin atamfar ankon.

Aka yi hira, aka yi dariya, sai hirar ta zo inda dole ta zo. Ta Adarawo ta sunkuyar da kai ta ce, "Dada, har yanzu shiru?"

Na ce, "Shiru." Sai na ce, "Ya ƙafar mahaifiyarki? Na ji an ce ta faɗi a banɗaki."

Ta amsa mini. Na ga sun dubi juna. Doguwar ta share ido ta ce, "Allah ya san komai, Dada."

Na ce, "Ya sani. Ku sha ruwan kada ya huce."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ni a wurina na amsa yadda uwa ke amsawa in an taɓo 'yar fari. Ban san abin da suka ɗauka suka fita da shi ba.

Da farko ban yi niyyar zuwa ba. Ƙafa ba daɗi, hayaniya ba na so. Amma na yi tunani, a can za a yi zancenta, mutane da yawa za su yi zancenta, ni kuwa in zauna in ji ba tare da na tambaya ba. Na daɗe ban sami wannan ba. Jikokina ba sa zancenta a gabana, suna tsoron su taɓa ni. Sai na ba da atamfar aka ɗinka.

Ranar taron ta Jambutu ta zo ta ɗauke ni da hantsi. Makarantar ta sauya. An ja katanga mai tsawo da waya a kai, mai gadi sai da ya leƙa jakunkunanmu. Mangwaron an sare shi, an yi gini a wurin. A ɗakin cin abincinsu aka yi taron, an jera kujerun roba, fanka na juyawa tana kaɗa zafi. Mata sun cika, duk atamfa iri ɗaya, suna rungumar juna suna kiran sunayen tsokana na yarinta. Aka kai ni layin gaba aka zaunar, aka sa mini ruwa mai sanyi a hannu.

Na ji abin da na zo ji. Suka yi waƙar makarantarsu da Turanci, rabinsu sun manta baitin, suna ta cika shi da dariya. Wata ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta kwaikwayi tafiyar metiron. Sai wata ta karɓi abin magana ta ba da labarin ranar da aka sa su saran ciyawa da tsakar rana, wata yarinya ta suma, malamin da ke tsaron su ya ce ba mai tashi sai an buga ƙararrawa. Sai mai ƙararrawa ta ajiye langalangarta, ta taka a hankali kamar lokaci ya yi, ta je ta buga, saura da yawa lokaci ya cika. Duk makaranta ta watse. Aka sa ta tsallen kwaɗo washegari, ta yi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ashe akwai abin da doguwar ta ɓoye mini a gindin mangwaro. Na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba, amma na ji daɗinsa har cikin ƙashina.

A bangon da ke gabana an rataye wani babban ƙyallen roba, irin wanda ake buga hotuna a jiki, an rufe shi da farin yadi. Bayan an ci abinci sai aka yaye yadin. Fuskokin 'yan mata ne a jere, cikin yunifom, da rubutu a sama da kuma ƙarƙashin kowace. Idona ya faɗa kanta nan take. Tana layi na biyu, wajen ƙarshe. An girmama hoton har fuskar ta kai faɗin faranti.

Ranar na fara kallonta sosai. Tana gabana shekara da shekaru ina kallon gefenta, ina kallon ƙafarta, ina kallon bayanta in ta juya. Yau ga ta ta zuba mini ido, ba yadda zan kauce. Ashe girarta ta hagu ta ɗara ta dama tsawo. Ashe bakinta na mahaifiyata ne.

Rubutun ba ya gaya mini komai, don haka na ɗauka waɗanda suka riƙe muƙami ne a makaranta aka karrama. Sai na dubi ta kusa da ita. Na san yarinyar, 'yar unguwarmu ce, wajen haihuwa ta rasu, ni na riƙe butar da aka yi mata wanka. Na dubi ta sama. Ita ma na je gaisuwarta, hatsarin mota ne a hanyar Numan. Sai ruwan da ke hannuna ya yi mini nauyi, na ajiye shi ƙasa.

Mai gabatarwa ta ce a yi shiru. Ta ce yanzu za a tuna 'yan uwan da suka riga mu, za ta kira kowace da sunanta, a yi mata addu'a, sannan wata malama ta rufe da addu'a, wata kuma ta yi irin ta Kirista. Ta fara daga layin sama. In ta kira suna sai ɗakin ya amsa gaba ɗaya, Allah ya jiƙanta. Ta kira na gaba. Allah ya jiƙanta.

Na duba gefe. Ta Adarawo tana can ƙarshen layi da carbi, idonta a rufe. Doguwar tana tsaye bayan ɗaki. Ta Jambutu tana wajen masu kwashe kwanuka. Ba ƙanin yarinyar nan, ba jika, ba wanda zan taɓa in ce je ka faɗa musu. Duk tsawon rayuwata akwai wani a gefena da ke faɗin abin da ba na faɗa. Ranar ba kowa.

Aka gama layin sama, aka sauko na biyu.

Na san abu biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Na san uwa ba ta miƙewa cikin taro a kan 'yar fari, ko da aurenta ne, ko da gawarta ce. In na miƙe, matan Yola da ke ɗakin nan za su kai labari har Adarawo, a ce wance ta tsufa ta zubar da abin da uwarta ta mutu da shi. Na kuma san in ɗakin nan ya amsa a kanta, ina zaune, ina sanye da ankonsu, to na karɓi gaisuwa. Abin da dangi suka kasa sa ni, an gama shi ina riƙe da bakina.

Aka kira 'yar unguwarmu. Allah ya jiƙanta. Na amsa tare da su, don ita na ga gawarta.

Mai gabatarwa ta ja numfashi za ta kira na gaba. Na dafa kujerar gabana na miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Sai na kira ta.

Ban kira ta yadda ake kiran sunan mamaci ba. Na kira ta yadda na ji maƙwabta suna kiran nasu in sun aike su sun daɗe. Sunan ya fito mini a karkace, harshena bai san hanyarsa ba, kamar na ari bakin wani. Sai na sake kira, na biyun ya fita daidai.

Ba wanda ya amsa. Fanka kawai ke juyawa.

Na ce, "Ba a kawo mini gawarta ba. In akwai wadda ta gani a cikinku, ko ta ji daga wanda ya gani, ta tashi ta faɗa mini yanzu. Zan karɓi gaisuwa yau ɗin nan, a nan inda nake tsaye. Wallahi na gaji, zan karɓa."

Na jira. Da gaske nake jira. Na bi fuskokinsu layi-layi, wata ta rufe baki da mayafi, wata ta dubi ƙasa. Ba wadda ta tashi.

Na ce, "To ku tsallake ta." Na zauna.

Ta Adarawo ce ta fara isowa. Ta durƙusa a gabana a kan siminti, da atamfarta sabuwa, ta ce, "Dada, ni ya kamata in gane. A gida irin naku na tashi. Uwata har yau ba ta kiran yayata. Da na tambaye ki kika koma zancen ƙafa, sai na ce musu Dada ta haƙura, ba ta son a tayar."

Doguwar ta zo ta tsaya a kaina tana kuka ba sauti. Ta ce, "Mun ga ba ka yi kuka ba, Dada."

Na ce, "Yaushe kika taɓa ganin na yi?"

Ta Jambutu kuwa ta bar wajen kwanukan. Ta fita, ta dawo da almakashin da take yanka atamfa. Ta jawo kujera ta hau, mutum biyu suka riƙe mata ƙafa, ta soka bakin almakashin ta bi gefen hoton a hankali, yadda take bin layin yadi, ta fitar da shi har da rubutun ƙasa. Wurin ya zama taga, ana ganin tsohon fentin bango ta ciki. Ta sauko da shi a hannu, sai ta tsaya tana waige-waige. Ba ta san inda za ta kai shi ba. Wata ta ce a ɗora a kujera cikin 'yan aji. Wata ta ce a'a, wannan ma kamar an yanke hukunci ne. Suka tsaya suna duban juna, manyan mata masu digiri da jikoki, da 'yar fuska a hannu.

Na ce, "Kawo."

Na naɗe shi na sa cikin mayafi. Mai gabatarwa ta share fuska, ta tsallake ramin, ta kira suna na gaba. Aka amsa. Aka ƙarasa, malama ta yi addu'a, ɗayar ma ta yi tata. Doguwar ta roƙa a ƙara wata daban, ta waɗanda ba a san inda suke ba, don ashe ba tawa kaɗai ba ce, akwai ƙanin wata, akwai mijin wata. Aka yi. Na shafa.

Ban tsaya hoto ba. Su ukun suka mayar da ni gida. Ina jin sunan a bakina kamar ɗacin magani, ya ƙi wucewa. Ban ji na sauke wani kaya ba, kada in yi ƙarya. Abin da na ji shi ne ƙafafuna sun kumbura cikin takalmi, bayana yana ciwo, kuma gobe in na tashi ba abin da ya sauya. Labarin kuwa ya kai Adarawo kamar yadda na zata. Wata ƙanwar mahaifina da ta fi ni tsufa ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Na ce a ce mata lafiya.

Da muka tsaya a ƙofar gida ta Jambutu ta kashe mota, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Dada, mun ce duk shekara za mu riƙa yi. Baɗi ina za mu sa ta?"

Na ce, "In ina da rai ku zo ku tambaye ni."

Ta Adarawo ta ce, "In kin sake ce mana shiru fa?"

Na ce, "Ku sake tambaya. Ku zauna har sai na ba ku amsa da bakina. Kada ku yanke da kanku."

Doguwar ta fito ta buɗe mini ƙofa, ta kama hannuna har zaure. Na ce su gaida gida. Na shiga, na cire takalmin da ƙyar, na jawo buta, don la'asar ta kusa wucewa.